Hotsifot da Rifitar Kamfani: Yadda Rediyo Ɗaya Zai Yi Maka Aiki Biyu Ba Tare da Ka Cakuɗa Su Ba

Duk wanda yake riƙe da oba-oba na DMR, wato tsarin rediyon magana na dijital, a wurin aiki, kuma yana da lasisin 'yan sha'awar rediyo, ba ya daɗewa wannan tunani bai faɗo masa ba. Ga rifitar kamfani, na'urar da ke karɓar siginar oba-oba ta sake watsa ta da ƙarfi, can a saman gini, wat 40 ko 50, amma ta kasa kai wa ɗakin ajiyar da ke ƙarƙashin ƙasa. Ga kuma ɗan hotsifot, na'urar da ke haɗa oba-oba da intanet, bai cika tafin hannu ba amma yana kai muryarsa wata nahiya. To, me zai hana a haɗa su?

Girka rediyon kamfanoni da gyaransu ne sana'ata, hira a zangon 'yan sha'awa kuma ita ce abin da raina yake so, don haka daga ɓangarorin biyu ake kawo mini wannan tambaya. Amsata ɗaya ce. Rediyo guda zai iya yi maka hidimar duka biyun, kuma zan nuna maka yadda ake yi. Amma muryar da ta shiga ta rifitar kamfani kada ta fito ta hotsifot, wadda ta shiga ta hotsifot kuma kada ta fito ta rifitar kamfani. Idan matsalarka ita ce rifitar ba ta kai wani lungu ba, akwai maganinta, sai dai hotsifot ba ya cikin magungunan.

## Abin da ya sa suke yaudarar mutum

A iska, yarensu ɗaya. DMR ƙa'ida ce da hukumar ETSI ta Turai ta fitar a 2005 da lamba TS 102 361, kuma don kasuwanci aka yi ta tun asali, 'yan sha'awa daga baya suka ara. Tasha ɗaya mai faɗin kilohaz 12.5 ake rabawa gurbi biyu, kowane gurbi yana riƙe iska na milisakan 30 ya sakar wa ɗan'uwansa, ta haka hira biyu ke gudana a firikwansi guda. Ana matse murya da AMBE+2 na kamfanin DVSI. Akwai lambar launi daga 0 zuwa 15 da ke raba rifita da maƙwabciyarta, akwai lambar rediyo, akwai lambar rukunin magana. Duk waɗannan iri ɗaya ne a Motorola na mai gadin masana'anta da Anytone na ɗan sha'awa.

Shi kuwa hotsifot ƙaramin allo ne mai ɗauke da guntun rediyo ADF7021 da ƙwaƙwalwar STM32, a ɗora shi a kan 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi. Tsarinsa na MMDVM ne, wanda Jonathan Naylor, G4KLX, ya ƙirƙiro, mafi yawan mutane kuma suna tafiyar da shi da Pi-Star na Andy Taylor, MW0MWZ, ko WPSD. Akwai kuma openSPOT na SharkRF da ke zuwa a shirye. Ƙarfinsa wajen miliwat 10 ne. Aikinsa ya karɓi muryarka daga nisan ɗaki ko tsakar gida, ya zuba ta a intanet zuwa sabar wata hanyar 'yan sha'awa, irin BrandMeister ko TGIF ko FreeDMR, ya dawo maka da amsa.

Abin da ke ƙara kwaɗaitar da mutane shi ne manhajar cikin allon tana karɓar firikwansi daga megahaz 420 har 475. Zangon 'yan sha'awa na santimita 70 yana tsakanin 430 da 440 a Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya, 420 zuwa 450 a Amurka, sama da nan kuma kamfanoni ne da yawa. Wato kana iya rubuta firikwansin kamfaninka a ciki, allon ya yi ta watsawa bai ce maka uffan ba. Iyawar na'ura daban, iznin hukuma daban.

## Dokar da ta raba su

Dokokin rediyo na ITU, hukumar sadarwa ta duniya, waɗanda ƙasashe suke ɗora nasu a kai, sun bayyana hidimar 'yan sha'awa da cewa ta masu koyon fasahar rediyo ce don ƙashin kansu, ba tare da neman kuɗi ba. Sashe na 25 ya hana lulluɓe ma'anar saƙo tsakanin tashoshin ƙasashe daban-daban, in ban da umarnin da ake aika wa tauraron ɗan Adam. Ita kuwa rifitar kamfani don neman kuɗin aka kafa ta, kuma da yawansu a sirrance suke magana.

Amurka ta rubuta abin dalla-dalla, shi ya sa nake kawo ta misali. A dokokin FCC, hukumar sadarwarsu, kashi na 97 na 'yan sha'awa ne, kuma sakin 97.113 ya hana duk wata magana da kake da riba a cikinta, har da wadda za ka yi a madadin ubangidanka na aiki. Kashi na 90 na rediyon kasuwanci ne, ya kuma wajabta cewa na'urar da za ta watsa a can sai wadda aka gwada aka ba ta shaidar inganci. Allon hotsifot ba shi da wannan shaida. Lambobin sassan za su bambanta a ƙasarka, amma je ka hukumar sadarwarku, da wuya ka tarar da wani abu daban: lasisin kamfani yana ɗauke da firikwansi, da wurin da aka kafa eriya, da ƙarfi, sau da yawa har da adadin rediyo. Hotsifot a teburin manaja ba ya cikin takardar.

Hanyar tana tafiya ne gefe guda. Mai lasisin sha'awa yana da damar ɗaukar rediyon kasuwanci ya yi aiki da shi a zangon 'yan sha'awa, domin shi doka ta ɗora wa alhakin tsabtar siginarsa. Kayan 'yan sha'awa kuwa ba su da damar hawa zangon kasuwanci. A kan wannan gefe guda da aka yarda da shi za mu gina komai.

Na kan ji ana cewa, "Ai miliwat 10 ne kawai, wa zai ji?" Ni damuwata ta wuce a ji ko kada a ji. Masu gadi da direbobi da ma'aikatan sito sun dogara da wannan rediyo ranar da abu ya ɓaci. Maɓallin neman agaji, da bin sawun GPS, da kashe rediyon da aka sace daga nesa, duk sun rataya ne a kan tsarin kamfanin da ya ƙera rifitar. Hotsifot yana zaune a kan memori da ke iya lalacewa idan wuta ta ɗauke, da Wi-Fi da ke yankewa ba sallama. Ba zan ɗora ran mutum a kan wannan ba.

## Kafin ka taɓa rediyon aiki

Rediyon kamfani kayan kamfani ne, lasisin ma nasu ne. Ka nemi izni a rubuce daga wanda ke kula da tsarin kafin ka ƙara ko tasha ɗaya. Sau da yawa fayil ɗin saitin yana kulle da kalmar sirri, kuma da dalili aka kulle shi. Idan an yarda, abu na farko ka karanto saitin da ke ciki ka adana shi da kwanan wata, a wuri biyu. Idan kuma naka rediyon kake so ka shigar tsarin kamfani, sai ya zama samfurin da aka amince da shi a zangon kasuwanci, kuma mai lasisi ya ƙidaya shi cikin nasa.

Duba lambar samfurin ka tabbata zangonsa ya rufe duka biyun. Rediyon UHF da ke farawa daga megahaz 403 zai kama 430 zuwa 440 lafiya lau. Wanda ya fara daga 450 ba zai sauko ba, kada ka wahalar da kanka da dabarun tilasta masa.

Sai babbar matsala, lambar rediyo. Ɗan sha'awa yana karɓar lamba mai alƙaluma 7 daga RadioID.net bayan ya tura hoton lasisinsa, alƙaluma ukun farko suna nuna ƙasarsa. Kamfani kuwa yakan raba ƙananan lambobi yadda ya ga dama, 101, 102, haka nan. Anytone AT-D878UV yana barin kowace tasha ta ɗauki lambarta, don haka a nan ba wata wahala. Motorola kuwa lamba ɗaya yake riƙewa ga rediyo gaba ɗaya. Mafita ita ce mai kula da tsarin kamfani ya yi maka rajista da lambarka ta sha'awa a nasu tsarin, tunda filin lambar a DMR yana ɗaukar sama da miliyan 16. Wannan yana yiwuwa a rifita ta gama-gari da kuma IP Site Connect, tsarin Motorola na haɗa rifitoci ta intanet. A Capacity Plus, wani tsarin Motorola daban, ba ya yiwuwa, domin can lambar rediyo ba ta wuce 65,535. Idan tsarinku ke nan, sayi rediyo na biyu ka huta. Kada ka shiga hanyar 'yan sha'awa da lambar kamfani, kada kuma ka riƙa sauya lamba da kebul safe da yamma, wata rana za ka manta.

## Tayar da hotsifot

Wannan ɓangaren ba shi da wuya. Zuba hoton Pi-Star a memori, ka ɗaura eriya kafin ka ba allon wuta. Idan bai sami Wi-Fi da ya sani ba, bayan ɗan lokaci zai buɗe nasa mai suna Pi-Star-Setup, ka shiga ta nan ka ba shi na gidanka. Pi Zero W ba ya ganin Wi-Fi sai na gigahaz 2.4, wannan kaɗai ya sha hana mutane barci. Sunan shiga na farko pi-star ne, kalmar sirri raspberry, kuma kowa a duniya ya san haka, don haka canja ta nan take.

A shafin saiti ka sa alamar kiranka da lambarka ta DMR, ka zaɓi irin allonka, ka bar lambar launi a 1. Idan hotsifot ɗinka ya wuce ɗaya, ƙara wa kowanne alƙaluma biyu a ƙarshen lambar, 01, 02, don saba ta bambanta su. BrandMeister ba ta karɓar hotsifot sai ka buɗe asusu ka ƙirƙiri kalmar sirrin hotsifot a shafin SelfCare, ita za ka kwafa cikin Pi-Star. Ka sa nau'in tashar hotsifot ɗin a kan mai zaman kanta, yadda ba za ta amsa wa kowace lamba ba sai taka. Ga mai rediyon aiki wannan katanga ce mai amfani ƙwarai: ko abokin aikinka ya murɗo tashar bisa kuskure da nasa rediyon, ba zai fita duniya ba.

Firikwansi kuma daga jadawalin zango na ƙungiyar 'yan sha'awar ƙasarka za ka zaɓa. Ka nisanci 435 zuwa 438 da 145.8 zuwa 146, na taurarin ɗan Adam ne, kuma ƙaramar sigina daga ƙasa tana iya damun su. Ka nisanci mashiga da mafitar rifitocin yankinka.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kai: kada ka soka hotsifot a intanet ɗin kamfani. In za ka zo da shi wurin aiki don hirar lokacin hutu, ɗora shi a kan datar wayarka, kuma ka ajiye shi nesa da ɗakin rifita.

## Shiyya biyu, kowace da iyakarta

A cikin fayil ɗin saiti ka buɗe sabuwar shiyya, wato jerin tashoshi a cikin rediyo, ta sha'awa zalla. Kada tasha ɗaya ta aiki ta shiga cikinta, kada kuma ta sha'awa ta shiga shiyyar aiki. Ni nakan fara sunan kowace tashar sha'awa da harafi iri ɗaya, yadda da kallo ɗaya mutum zai san inda yake. Jerin laluben tashoshi ma a raba shi. Idan ka haɗa su a jeri guda, rediyo zai tsaya a kan hirar 'yan sha'awa, ka danna ka amsa wa shugaban sashenku, maganar lodin kaya ta tafi rukuni na 91 da duniya duka ke saurare.

Ga yadda tashar hotsifot mai firikwansi ɗaya take. Karɓa da watsawa lamba ɗaya. Lambar launi 1, gurbi na 2, ƙarfi a mafi ƙanƙanta. Sharaɗin shiga iska ka sa shi a kan kullum. Sirrantawa a kashe, kowace iri ce. ARS, wato rajistar da rediyo ke yi da kansa a tsarin kamfani, a kashe, GPS na kamfani a kashe, domin waɗannan suna aika ƙananan saƙonnin rajista da babu mai jiransu a hanyar 'yan sha'awa, cunkoso kawai suke jawowa. RAS, makullin da Motorola ke hana baƙon rediyo shiga rifita da shi, a cire daga wannan tasha, hotsifot bai san shi ba. A Motorola akwai wani ɗan akwati na Dual Capacity Direct Mode, a bar shi ba alama. Tsarin neman agaji ma a sa babu, don kada maɓallin nan mai ruwan lemo ya yi kururuwa inda ba mai kawo ɗauki. In rediyon yana ba da dama, sa shi ya riƙa farkawa a tashar aiki duk lokacin da aka kunna shi.

Rukunonin farko da za ka saka guda uku ne. 9990 a matsayin kiran mutum ɗaya, wannan aku ne, yana maimaita maka abin da ka faɗa. 4000 don sauka daga rukunin da ka hau. Sai rukunin ƙasarka ko na yankinka. Ka tuna hotsifot mai firikwansi ɗaya ba ya jin ka yayin da yake watsawa, don haka in ka hau rukuni mai cunkoso sai ka jira an numfasa kafin ka iya sauka. Mai allon da ke da guntu biyu da eriya biyu ya tsira daga wannan, yana kuma samun gurbi biyun duka, sai dai tasharsa ana saita ta ne da firikwansi biyu irin na rifita.

Lambar DMR ba ta maye gurbin alamar kira. Faɗe ta da bakinka. A Amurka kowane minti 10 ne da kuma ƙarshen hira, kai ma duba naka lasisin.

## Daidaita allon

Nan ne ya kamata ka zauna ka natsu, domin nan rediyon kasuwanci ke tona asirin allo mai araha. Agogon cikin allon, wanda ke tsayar masa da firikwansi, yakan kauce da 'yan ɗaruruwan haz. Wani rediyon zai yafe, Motorola da Hytera kuwa a tsaye suke cak a kan firikwansinsu, saboda haka kaucewar allon ce za ta bayyana.

Buɗe shafin lura na Pi-Star a kwamfuta. Ja da baya kamar taku uku ko huɗu daga hotsifot, kada ka tsaya a kansa, ƙarfin rediyon zai toshe masa kunne. Zaɓi 9990, danna, ka yi magana ta sakan goma da muryarka ta yau da kullum, ka saki. Layi zai fito ɗauke da alamar kiranka, da tsawon maganar, da wani gurbi mai suna BER, wato kason ɗigon saƙon da suka iso a gurɓace. In ya yi kore, musamman ƙasa da kashi 1, ka gode wa Allah ka wuce. In ya yi ja, za ka ji akun ya dawo maka da murya tana ɓarɓarewa, ƙarshen kalmomi suna narkewa. Wani lokaci ma layin ba zai fito ba sam, fitilar rediyo tana ja amma allon bai motsa ba.

Juya allon ka duba bayansa, da yawa suna zuwa da 'yar takarda manne an rubuta adadin kaucewar, misali 500. Shiga sashen ƙwararru, ka buɗe MMDVMHost, ka gangara wurin modem, za ka ga RXOffset da TXOffset. Sa wannan adadi a duka biyun ka sake gwadawa. In babu takarda, fara daga sifili ka riƙa matsawa da haz 100, kana rubuta BER na kowane mataki a takarda. In lambar tana hawa, juya ɗaya gefen. Za ka ga ta sauka, ta kwanta, ta fara hawa kuma. Tsakiyar inda ta kwanta nan ne wurinka, sai ka tace da 50, sannan 25. Abin da ka samu a RXOffset shi za ka fara sa wa TXOffset, kunnenka ya yanke sauran hukunci. Ka bar allon ya ɗumama tukuna kafin ka fara, domin agogon yana ɗan motsawa da zafi. Kuma da rediyon da za ka riƙa amfani da shi za ka daidaita, ba da na aro ba.

In ka gama, yi gwajin da ya fi kowanne muhimmanci a wurina. Koma shiyyar aiki, ka yi gajeren kiran gwaji da iznin mai kula, idonka a kan shafin lura. Bai kamata ko layi ɗaya ya fito ba.

## Gada, da inda ta halatta

Ko da doka ta ƙyale, hotsifot ba zai shiga rifitar kamfani kai tsaye ba, domin a intanet yarensu ya rabu. Hotsifot yana magana da ƙa'idar Homebrew: ya ƙwanƙwasa wa saba guda, galibi a ƙofar UDP 62031, ya ba da lamba da kalmar sirri, ya riƙa sanar da ita yana nan. IP Site Connect na Motorola kuwa uwa ɗaya ce da 'ya'ya, har rifita 15, uwar tana gabatar da su sannan kowace ta yi magana da kowace kai tsaye, ƙofar asali 50000, da makullin tantancewa nasu. Hytera tana da nata tsarin daban. Capacity Plus da Capacity Max kuma tsarin ne da kansa ke zaɓar wa rediyo tasha a kowane kira, hotsifot ba shi da abin yi a nan ko kaɗan.

Masu fassara tsakaninsu suna nan. Akwai c-Bridge na saye, wanda hanyar DMR-MARC ta ginu a kansa. Akwai DMRlink da HBlink da Cortney Buffington, N0MJS, ya rubuta, da IPSC_Bridge da HB_Bridge da ke haɗa su. Suna aiki, shi ya sa nake jan kunne. Ko ka kafa HBlink taka ta sirri wadda ba ta taɓa BrandMeister, matsalar tana nan daram: in hotsifot ɗin yana zangon sha'awa, ka zuba maganar kasuwanci inda aka hana, in yana zangon kamfani, ka kunna na'ura marar shaida a wurin da lasisi bai ambata ba.

Inda wannan ilimi yake da daɗin amfani shi ne lokacin da kamfani ya sauke tsohuwar rifita ya sayar ko ya kyautar, ƙungiyar 'yan sha'awa ta karɓa. Wannan aiki ina son shi ƙwarai, rifitocin nan an gina su da ƙarko. A goge ta tas: makullan sirri, RAS, jerin sunayen ma'aikata, adireshin sabar kamfani, kada a bar komai. A nemi firikwansi biyu daga masu tsara zango na yankin, a karɓi lambar rifita mai alƙaluma 6 daga RadioID.net, a sa alamar kira a wurin shelar Morse. Dufuleksa, na'urar da ke barin rifita ta karɓa ta kuma watsa da eriya ɗaya, sai an sake daidaita ta da na'urar awo, kuma a duba tazarar firikwansin biyu: ƙaramar dufuleksar da aka ƙera don megahaz 5 ba za ta iya 1.6 da ake amfani da ita a wasu ƙasashen Turai ba. Daga nan abin ya zo da sauƙi, domin BrandMeister tana karɓar rifitar Motorola da ta Hytera kai tsaye. Ka sa ta a matsayin 'ya, ka ba ta adireshin sabar. Nan take mai hotsifot a gida da mai oba-oba a ƙarƙashin rifitar za su haɗu a rukuni ɗaya, dukansu masu lasisi, dukansu a zangonsu.

## Lungun da rifitar kamfani ba ta kai ba

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin a sayi komai, a hau a duba eriya. Ruwa a cikin kebul, mahaɗin da ya yi tsatsa, dufuleksar da ta kauce har watsawar rifita tana kurmantar da karɓarta, waɗannan su ne mafi yawan abin da nake tararwa. Alamar wannan na ƙarshe a fili take: ma'aikata suna jin rifita sarai, ita ce ba ta jin su. Ɗauki rediyon da ke nuna ƙarfin sigina ka zaga ginin da taswirarsa a hannu, kana rubuta lambar kowane ɗaki. Inda ta gangara wajen -110 dBm, ma'aunin ƙarfin sigina, ni nakan ɗauke shi a matsayin bakin iyaka, ko da murya tana fita a ranar, domin gobe za a jibge kaya a sito ta ɓace.

In eriya lafiya take, ginin ne ya yi kauri, a tsaga layin a sauko da ƙaramar eriya cikin ginin, ko a shimfiɗa kebul mai yoyon sigina a dogon rami ko ƙarƙashin ƙasa. In hakan bai isa ba, akwai na'urar ƙara ƙarfi mai aiki gaba da baya, amma ƙwararre ne zai girka ta, domin in eriyarta ta waje da ta ciki suka ji juna za ta yi ta kuwwa ta dami maƙwabta. In wurin wani reshe ne mai nisa, ƙaramar rifita ta gaske ake sawa, irin Motorola SLR 1000 mai wat 10 da ke jure ruwa da ƙura, a haɗa ta da uwar ta IP Site Connect. Wannan shi ne ainihin abin da mutane suke nema a wurin hotsifot, kuma maɓallin agaji da sirrantawa da sauya rifita yayin tafiya duk suna aiki a cikinsa.

Manajan da yake so ya ji ma'aikata daga gida ko daga wata ƙasa kuwa ba ya buƙatar watsa komai a iska. Manhajar danna-ka-yi-magana a waya, irin WAVE PTX ta Motorola, tana haɗuwa da tsarin ta ƙofar da aka tanada, ko a ajiye rediyon mota guda mai shaida a harabar kamfani a jona shi da akwatin da ke kai murya intanet. Sabuwar rifita ko sabon wuri kuma sai an shigar da su lasisi kafin a kunna, don haka ka tafi hukumar da lambobin taswirar wurin, da tsayin eriya daga ƙasa, da ƙarfin da kake nema, da adadin rediyon da za su yi aiki a ƙarƙashinta.